Yadda masana ke jera atam ɗaya bayan ɗaya don gane halin elektiron a cikin cunkoso

A shekarar 1986, wasu masana biyu na cibiyar binciken kamfanin IBM da ke kusa da birnin Zurik a ƙasar Suwizalan, Georg Bednorz da Alex Müller, sun haɗa wani abu mai kama da tangaran daga jan ƙarfe, iskar oksijin da wasu sinadarai biyu. Da suka sanyaya shi zuwa kusan digiri 238 ƙasa da sifili, sai wutar lantarki ta riƙa ratsa shi ba tare da turjiya ba, wato babu abin da ke salwanta daga cikinta ya zama zafi. Shekara na zagayowa aka ba su kyautar Nobel. A 1993 kuma aka samu wani daga dangin wannan haɗi, mai ɗauke da zaiba, wanda ke yin haka a kusan digiri 140 ƙasa da sifili. Sai dai har yanzu masana kimiyyar fizik ba su kai ga matsaya ɗaya ba a kan abin da ke haddasa wannan hali.

Tambayar ta wuce ta ɗakin karatu. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da asibitoci ke kira MRI ko IRM tana aiki ne da babban maganaɗisu da aka naɗa da waya marar turjiya, kuma irin wayar da aka saba amfani da ita sai an sanyaya ta da ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Heliyom na da tsada, ƙasashe ƙalilan ne ke samar da shi, kuma yana cikin dalilan da suka sa saye da kula da wannan na'ura ke da wuya. Da an gano sirrin abin da Bednorz da Müller suka samu, da masu bincike sun san inda za su dosa wajen neman wayar da ba ta buƙatar wannan matsanancin sanyi, maimakon laluben cikin duhu.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi don kusantar amsar ita ce a ɗauki atam, wato ƙwayar zarra, a jera su ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun wuya a zare, sannan a auna yadda kowane ke tasiri a kan maƙwabcinsa. Sarƙar atam 10 ba ta kai nanomita 4 ba, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai dubban nanomita masu yawa.

Ƙaramin maganaɗisun da ke cikin elektiron

Kowane atam yana da ƙwaya a tsakiya da elektiron a kewaye. Tafiyar elektiron a cikin waya ita ce wutar lantarki. Ban da cajin da yake ɗauke da shi, kowane elektiron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, kuma wannan siffa tasa ake kira sifin. Mai karatu na iya ɗaukar sa kamar allurar kamfas, da bambanci ɗaya: duk lokacin da aka auna shi, amsa biyu kawai yake bayarwa, ko ya kalli sama ko ya kalli ƙasa. A lissafin masana, sifin na elektiron ɗaya rabi ne.

A yawancin abubuwa elektiron na zama bibbiyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Amma a atam irin na baƙin ƙarfe, kobal da manganis, akwai waɗanda ba su da abokin zama. Atam na manganis, alal misali, yana da guda 5 irin waɗannan, don haka sifin nasa biyu da rabi ne. Idan irin waɗannan atam suka yi maƙwabtaka, wani lokaci dukansu kan kalli gefe ɗaya, wanda shi ne maganaɗisun da kowa ya sani. Wani lokaci kuma kowane kan juya wa na kusa da shi baya: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Bafaranshen nan Louis Néel ne ya bayyana wannan tsari na biyu a shekarun 1930, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1970.

Gidan hayar da babu mai motsi

Tun ƙarshen shekarun 1920 masana ke da ka'idar da ke ɗaukar kowane elektiron kamar mai tafiya shi kaɗai a kan hanya, ba ruwansa da kowa. Ka'idar ta yi aiki sosai. Ita ce ta bayyana dalilin da jan ƙarfe ke ɗaukar wuta, ita ce kuma tushen fahimtar silikon da ke cikin wayar salula da farantin sola.

A 1937 wasu masana biyu ƴan ƙasar Holan, Jan de Boer da Evert Verwey, suka nuna cewa haɗin nikel da oksijin ba ya ɗaukar wuta, alhali bisa ka'idar ya kamata ya ɗauka. Baturen Ingila Nevill Mott ya yi bayanin dalili: elektiron na tunkuɗe juna, kuma a wasu abubuwa tunkuɗar tana da ƙarfin da ba za a kau da kai daga gare ta ba.

A kwatanta da gidan haya mai ɗakuna a jere. Kowane ɗaki na iya ɗaukar mutum biyu, amma a yanzu mutum ɗaya ne a kowane, kuma babu mai son a haɗa shi da wani. Ga fili, rabin gadaje babu kowa, amma duk wanda ya so matsawa gaba sai ya shiga ɗakin wani. Sai kowa ya zauna inda yake, wuta ta kasa gudana. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da elektiron masu tsananin alaƙa da juna: ba a iya faɗin abin da ɗaya zai yi sai an san abin da sauran ke yi. John Hubbard ya zuba wannan hoto a cikin lissafi a 1963.

Idan kowa ya kafe a ɗakinsa, abin da ya rage yana motsi shi ne sifin. Dokokin kwantam, wato dokokin da ke mulkin ƙananan abubuwa irin su atam, sun yarda elektiron ya leƙa ɗakin maƙwabci na ɗan lokaci ya dawo, amma da sharaɗin sifin nasu ya saɓa. Wannan leƙe yana rage musu kuzari, shi ya sa maƙwabta suka fi son juya wa juna baya. Lissafin da ke bayyana haka yana ɗauke da sunan Bajamushe Werner Heisenberg, wanda ya kawo shi a 1928. Abubuwan da Bednorz da Müller suka fara da su daidai irin wannan gidan haya ne: ba sa ɗaukar wuta, kuma sifin na atam ɗin jan ƙarfensu a jere yake sama da ƙasa. Sai an cire wasu elektiron kaɗan, wato wasu ƴan haya sun tashi, sannan turjiya ke ɓacewa. Tun 1987 Philip Anderson na Amurka ya ce a wannan hulɗa ta sifin ya kamata a nemi amsar.

Inda kwamfuta ke gazawa

Rubuta lissafin Hubbard ko na Heisenberg ba ya cin layi biyu. Warware shi ne aiki. Sifin ɗaya yana da hali 2. Biyu suna da 4, uku suna da 8. Guda 10 suna da 1,024, guda 20 sun haura miliyan ɗaya, guda 30 sun haura biliyan ɗaya. A duniyar kwantam kuwa tsarin na iya kasancewa a gaurayen dukkan waɗannan halaye a lokaci guda, don haka dole kwamfuta ta riƙe lamba ga kowane. Kafin a kai sifin 300, adadin ya zarce yawan atam ɗin da aka ƙiyasta a duk sararin samaniyar da ake iya hange. Richard Feynman ya ba da shawara a wani taro a Amurka a 1981: tunda kwamfutar da muka sani ba za ta iya kwaikwayon tsarin kwantam ba, a gina wani tsarin kwantam ɗin da ake iya sarrafawa, a bar shi ya yi kwaikwayon.

Layi ɗaya miƙaƙƙe ya fi sauƙi. Hans Bethe ya warware lissafin sarƙar sifin rabi da alƙalami tun 1931, kuma a 1992 Steven White ya fito da dabarar kwamfuta da ke lissafa dogayen sarƙoƙi daidai. Mai karatu zai iya tambaya, to me ya sa za a wahala a gina abin da an riga an san amsarsa? Dalilin ɗaya ne da na mai awo da ke gwada sabon sikeli da dutsen da ya san nauyinsa. Idan sarƙar da aka gina ta ba da amsar da lissafi ya bayar, za a iya yarda da ita ranar da aka kai inda lissafi ya tsaya.

Akwai duwatsu na halitta da na ɗakin gwaji da sarƙoƙin sifin ke cikinsu, kuma an daɗe ana nazarinsu da hasken nutiron a cibiyoyi irin ta Laue-Langevin da ke Grenoble a Faransa. Amma can biliyoyin sarƙoƙi ake aunawa a dunƙule. Mai bincike ba zai zaɓi tsawon sarƙa ba, ba zai kuma duba atam na ƙarshe shi kaɗai ba.

Allurar da ke gani, take kuma ɗauka

Na'urar da ta buɗe wannan hanya ana kiranta STM. Gerd Binnig da Heinrich Rohrer ne suka ƙera ta a 1981 a waccan cibiya ta kusa da Zurik, suka samu Nobel a 1986. Allura ce ta ƙarfe mai tsinin da ya ƙare da atam ɗaya. Ana kawo ta ƙasa da nanomita ɗaya daga saman abin da ake dubawa, ba tare da ta taɓa ba, a saka ƴar wuta. Elektiron kan tsallake wannan giɓi, kuma yawan masu tsallakewa na sauyawa kusan ninki 10 idan allurar ta matsa da kashi ɗaya cikin goma na nanomita. Da wannan ake zana taswirar atam ɗaya-ɗaya. Ana aikin ne a cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a sanyin da ya kusa digiri 273 ƙasa da sifili, iyakar sanyin da babu na ƙasa da shi.

A 1989 Don Eigler da Erhard Schweizer na cibiyar IBM ta Almaden a jihar Kalifoniya suka nuna cewa allurar na iya jan atam daga wuri zuwa wuri. Sun rubuta sunan kamfanin da atam 35 na iskar zenon. A 2004 kuma Andreas Heinrich da abokan aikinsa a wannan cibiya suka koyi sauraron sifin na atam ɗaya. Ana ƙara ƙarfin wuta a hankali. Da zarar elektiron masu tsallakewa sun samu kuzarin da ya isa su juya sifin, sai wata sabuwar ƙofa ta buɗe musu, wutar ta yi tsalle. Inda tsallen ya faru shi ke faɗin kuzarin da juyawar ke buƙata.

Sarƙoƙin farko

A 2006 Cyrus Hirjibehedin, Christopher Lutz da Heinrich suka wallafa a mujallar Science cewa sun jera atam ɗin manganis daga 1 zuwa 10. Sun ɗora su a kan shimfiɗar haɗin jan ƙarfe da naitirojin mai kaurin atam ɗaya, wadda ke raba su da tekun elektiron na ƙarfen da ke ƙasa. Sarƙoƙi masu atam 2, 4, 6 da sauransu sun nuna jimillar sifin sifili, domin kowane ya samu wanda ya kashe ƙarfinsa. Masu atam 3, 5 ko 7 kuwa sun rage da sifin na atam ɗaya. Ƙara atam guda kawai na sauya halin sarƙar gaba ɗaya, kuma ma'aunin ya dace da lissafin Heisenberg.

A 2012 Sebastian Loth da abokansa suka yi amfani da atam ɗin baƙin ƙarfe. Jeri irin na Néel yana da fuska biyu, wanda ya fara da sama da wanda ya fara da ƙasa, kuma sun iya sauya shi daga wannan zuwa wancan da bugun wuta. Da atam 12, layi biyu na shida-shida, suka adana ƙwayar bayani ɗaya, a lokacin da faifan kwamfuta ke buƙatar kusan atam miliyan ɗaya don wannan aiki. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne, gajerun sarƙoƙi kan juya da kansu bisa dokar kwantam, masu tsawo kuma sun fi tsayawa inda aka bar su. An ga yadda duniyar kwantam ke rikiɗa zuwa duniyar da muka saba, atam bayan atam.

A jami'ar fasaha ta Delft da ke Holan, rukunin Sander Otte ya ɗauki hoton igiyar sifin tana kai da kawo a sarƙar baƙin ƙarfe mai atam 6 a 2014. Bayan shekara biyu suka jera kobal har atam 9, suka riƙa ƙara ƙarfin maganaɗisu daga waje. Ka'ida ta ce a wani mataki doguwar sarƙa za ta sauya hali kwatsam, kamar yadda ruwa ke zama ƙanƙara, sai dai a nan girgizar kwantam ce ke jawo sauyin, zafi ba shi da hannu. A gajerun sarƙoƙinsu sun ga matakan da ke kaiwa ga wannan sauyi, kuma matakan na ƙaruwa da tsawon sarƙa yadda aka lissafa.

Hannun da ya rage a bakin layi

A 1983 Duncan Haldane ya faɗi abin da masana da yawa suka ƙi yarda da shi da farko. Ya ce sarƙar da kowane atam nata ke da sifin rabi ta bambanta ƙwarai da wadda ke da sifin ɗaya cikakke. Ta farko, in ta yi tsawo sosai, kuzari komai ƙanƙantarsa na iya motsa ta. Ta biyu kuwa sai an kai wani mizani. Bayan haka aka gane cewa sarƙa ta biyu na da wani abin mamaki a bakinta biyu.

A ɗauki yara a layi, kowane ya riƙe hannun na damansa da na hagunsa. Kowane yaro sifin ɗaya ne, kowane hannu rabi. Duk hannun da aka riƙe ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Na farko da na ƙarshe ne kaɗai ke da hannu a sake. Ke nan sarƙar da aka gina da sifin ɗaya-ɗaya tana da rabi a kowane baki, abin da babu ko ɗaya daga cikin atam ɗinta da ke da shi. Idan yaran suka yi da'ira, hannun sake ya ɓace. Wannan aiki na cikin waɗanda suka ba Haldane kyautar Nobel a 2016.

Gwajin nutiron ya tabbatar da mizanin Haldane tun shekarun 1980. A 2021 kuwa masu bincike na cibiyar Empa a Suwizalan, ƙarƙashin Roman Fasel da Pascal Ruffieux, tare da abokan aiki daga Dresden a Jamus da Braga a Fotugal, suka duba abin a sarƙa ɗaya tak. Ba ƙarfe suka jera ba. Sun haɗa ƙananan gutsattsarin kabon masu kusurwa uku, kowane da sifin ɗaya, a saman zinariya. Allurar STM ta ga alamar sifin rabi a bakin dogayen sarƙoƙi, kuma ba ta gan ta ba a waɗanda suka rufe suka zama zobe. An wallafa sakamakon a mujallar Nature.

Inda ake bukatar taka-tsantsan

Ba kowane sakamako ne ya fito fili haka ba. A 2001 Alexei Kitaev ya nuna ta lissafi cewa a bakin wata irin sarƙa da ke kan abu marar turjiya za a iya samun wani hali da aka sa wa sunan masanin Italiya Ettore Majorana, wanda ake fatan zai adana bayanin kwamfutar kwantam ba tare da saurin lalacewa ba. A 2014 rukunin Ali Yazdani na jami'ar Princeton ya ga alama a bakin sarƙoƙin baƙin ƙarfe a kan dalma. A Hambug ta Jamus, rukunin Roland Wiesendanger ya ci gaba da gina irin waɗannan sarƙoƙi atam bayan atam a kan wasu ƙarafa. Matsalar ita ce wasu halaye na yau da kullum na iya ba da alama mai kama da wannan, don haka muhawara ba ta ƙare ba. A 2021 mujallar Nature ta janye wani rahoto na 2018 da ya yi iƙirarin ganin halin Majorana a cikin ƙananan wayoyi. Wannan wani nau'in gwaji ne daban, amma ya sa kowa a fannin ya ƙara lura. Amfanin sarƙar da aka gina da hannu shi ne ana iya ƙara atam ɗaya, a sake awo, a ga ko alamar na bin abin da ka'ida ta tanada.

Hanyar na da iyakokinta. Atam ɗin ba a iska suke rataye ba, kuma ƙarfen da ke ƙasansu kan tsoma baki a halinsu. Gini na cin lokaci, sarƙoƙin kuma gajeru ne, daga ƴan atam zuwa gomomi. Mafi girman giɓi shi ne, a yawancin waɗannan sarƙoƙi elektiron a kafe suke, alhali asirin da aka fara da shi yana bayyana ne a shimfiɗa mai tsawo da faɗi, bayan wasu ƴan haya sun tashi saura sun fara yawo. Wasu rukunoni na bin wata hanya ta daban, inda ake kama atam masu tsananin sanyi a cikin ragar hasken leza. A 2017 rukunin Markus Greiner na jami'ar Harvard ya ga jerin Néel a irin wannan raga.

Masu allura ma sun fara fita daga layi ɗaya. A 2015 aka haɗa STM da igiyar rediyo, dabara mai kama da ta na'urar IRM, wadda ta ƙara kaifin awo ninki dubbai. Da ita aka auna atam 4 na titaniyom da aka jera murabba'i a 2021, aka ga ma'auratan sifin suna gauraye tsakanin hanyoyi biyu na haɗuwa, ƙaramin samfurin halin da Anderson ya yi hasashe. A 2023 cibiyar da Heinrich ke jagoranta a jami'ar mata ta Ewha da ke Seul a Koriya ta Kudu ta sarrafa atam 3 na titaniyom a matsayin ƙwayoyin lissafin kwantam. Daga atam 4 zuwa shimfiɗar da ta isa ta gagari kwamfuta, wato ɗaruruwan atam da ake iya cire wa elektiron yadda ake so, akwai sauran tafiya, kuma nan ne rukunonin suka sa gaba.